Neman kalmar Hausa: yaya za mu kira gyaran rayuwa saboda sauyin yanayi, da kuma shirin kare kai daga bala'i?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshen Hausa. Wata matsala ce na kawo muku wadda ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Kwamitin masallacin unguwarmu, a nan kusa da kasuwar Mile 12 a Legas, ya ba ni wata takarda ta Ingilishi domin in mayar da ita Hausa, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a kafin damina ta kankama. Aiki ya yi ta tafiya lami lafiya har na iso kan jimlar da ita ce zuciyar takardar, wadda ke kira da a haɗa abubuwa biyu wuri guda: abin da masana ke kira adafteshan, da wanda ma'aikatan agaji ke taƙaitawa da haruffa uku, wato DRR. A nan alƙalamina ya tsaya cak, domin duk kalmar da na ɗauko sai in ga ko dai ta gaza ɗaukar ma'anar, ko kuma ta ɗauko wata ma'anar da za ta cutar da mai sauraro.

Bari in fara bayyana abin da na fahimta. Na farkon yana nufin mutane su gyara yadda suke gini da noma da kasuwanci da zaman gari, domin su dace da yanayin da ya riga ya sauya ko yake kan sauyawa, kamar ruwan da ke zuba kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan, da zafin da ke ƙaruwa, da tekun da ke ɗagowa sannu a hankali. Na biyun kuwa yana nufin a rage yiwuwar ɓarna da yawan asarar rayuka da dukiya tun kafin abu ya auku, ko da yanayi ba shi da hannu a ciki. Kowannensu da gidansa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Na biyun shi ne ke da Tsarin Sendai, wanda aka amince da shi a birnin Sendai na ƙasar Jafan a watan Maris na 2015, zai kuma yi aiki har 2030, bayan ya gaji Tsarin Hyogo na 2005. A watan Disamba na wannan shekarar ta 2015 aka ƙulla Yarjejeniyar Faris, wadda sashenta na bakwai ya keɓanta ga batun adafteshan. A Najeriya ma haka rabon yake: akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999 da takwararta LASEMA a nan Legas, sannan akwai dokar sauyin yanayi da aka sanya wa hannu a Nuwamba 2021, wadda ta kafa majalisar ƙasa ta musamman kan lamarin.

A takarda, ofisoshi biyu ne da yare biyu. Amma wanda yake zaune a nan ya san kwata ɗaya ce. Kwatar da ke bayan rumfar maƙwabcina mai sayar da albasa ita ce misalina. Idan ta cika da ledojin ruwa da ruɓaɓɓen tumatir da karyayyun kwanduna, ruwan awa biyu ya isa ya shigo rumfa ya jiƙa buhunan da ke ƙasa, albasa kuwa da zarar ta sha ruwa ta gama yawo. Bara sai ya sayi bulo ya ɗaga dandamalin rumfarsa jeri biyu, ya shimfiɗa katako a kai. Haka ma mutanenmu da ke haya a Agiliti da Owode da Isheri suka san cewa wajen Satumba da Oktoba, idan kogin Ogun ya tumbatsa aka kuma saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, kwale-kwale ke maye gurbin acaɓa a wasu layukan. To, shi wannan mai albasa da ya ɗaga dandamali, wanne ya yi a cikin biyun? Ni dai a ganina duka ya yi, da bulo ɗaya da siminti ɗaya.

Kalmar da na fi jin ana amfani da ita ga na farkon, wato adafteshan, ita ce "sabawa da sauyin yanayi", kuma ina adawa da ita ƙwarai. Sabo a Hausa ba ya buƙatar mutum ya ɗaga ko da tsinke. Wanda ya saba da ambaliya shi ne wanda ke naɗe ƙafar wando kowace shekara ya ratsa ruwa, ya ɗora katifa a kan benci, ya jira ruwa ya janye. Sabo da kaza kuwa ba ya hana yanka ta. Idan aka tsaya a gaban jama'a aka ce su saba, an ce musu ne su haƙura. "Jurewa" ma wannan ciwon gare ta. "Sajewa" kuma aikin hawainiya ne, launi kawai take sauyawa. Abin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne "sauya taku", domin idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, kuma akwai motsi da niyya a cikin kalmar. Ga na biyun kuma, wato DRR, ina tsakanin "rigakafin bala'i" da "rage haɗarin bala'i". Ina neman shawararku, musamman dattawa da malamai.

Amsar wani malamin Islamiyya daga Agege:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan sabo. Inda nake so ka yi hattara shi ne "rigakafin bala'i". Ka tuna a masallaci za a karanta. Bahaushe idan ya ji bala'i, abin da ke fara zuwa masa shi ne jarrabawa daga Allah, kuma idan ka ce za ka yi masa rigakafi, wani dattijo zai ji kamar kana cewa za ka tare ƙaddara da hannunka, sai ya rufe kunnensa ga sauran bayanin. Ban da haka, a bakin jama'a yanzu rigakafi ya koma allura. Ina ba da shawarar "kandagarki", domin tsohuwar kalmarmu ce da ke nufin matakin da mutum ke ɗauka ya tsare kansa daga abin da yake hange, ba tare da ya yi da'awar hana shi aukuwa ba. Addini kuma yana tare da kai a nan. Annabi Yusuf, alaihis salam, bai ce zai hana fari ba. Ya ce a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, domin shekaru bakwai masu tsanani da ke tafe. Sunan wannan aiki a Hausa tanadi. Ka riƙe kalmar nan da kyau, ina jin za ta yi maka amfani.

Amsar wata malamar makaranta daga Idi-Araba:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ni damuwata a kan "rage haɗarin bala'i" take. Mafi yawanmu a waya muke rubutu, kuma da yawa ba sa sanya ƙugiya a kan haruffa. Da zarar ƙugiyar ɗ ta faɗi, haɗari ya koma hadari, wato gajimaren ruwa, kuma a takardar da ke magana a kan damina wannan ruɗani ne babba, domin mai karatu zai ɗauka ana so a rage hadarin da ke haɗowa daga gabas ne. Ko da an rubuta daidai, haɗari a kunnen mutanenmu na Legas na mota ne ko na tankar mai. "Kasada" kuma abu ne da mutum ke jefa kansa ciki da gangan, alhali matar da ke haya a ɗaki ɗaya a bakin magudanar ruwa ba kasada ta yi ba, abin da aljihunta ya iya biya ke nan. Ina ganin "barazana" ta fi dacewa a wurin bayani. Sannan ina roƙon kada a narkar da kalmomin biyu su zama ɗaya don neman sauƙi. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamba 2021 bala'i ne, amma ba sauyin yanayi ya kawo shi ba. A ɗaya gefen kuma, ƙafewar Tafkin Cadi da kwararowar hamada, waɗanda suna cikin abubuwan da suka turo wasu 'yan uwanmu ci-rani zuwa nan, ba su da wata rana guda da za a ce yau ce ranar aukuwarsu, ballantana motar agaji ta fito da jiniya.

Amsar wani dattijo, tsohon mai fassarar labarai, daga Obalende:

Ɗana, na karanta duka, kuma na ji daɗin ganin matasa suna wannan aiki. "Sauya taku" tana da daɗin ji, amma 'yan siyasa da masu sharhin ƙwallo sun riga sun ɗauke ta. Ana cewa gwamnati ta sauya taku a kan wata manufa, ko mai horar da 'yan wasa ya sauya taku bayan hutun rabin lokaci, wato dabara ce ta ɗan lokaci. Abin da kake nema ya fi haka nauyi, domin magana ce ta shekara talatin ko hamsin. Ku da kuka zo daga baya ba ku san Bar Beach yadda muka san ta ba, lokacin da teku ke cinye gaɓa har ruwa ya hau titin Ahmadu Bello a Victoria Island, kafin a gina katangar duwatsun da ke kare wurin yanzu. Irin wannan aiki ba taku ba ne. A rubutu ina ba da shawarar "daidaita rayuwa da sauyin yanayi". Ta ɗan yi tsawo, amma ba a auna kalmar fassara da tsayinta, ana auna ta ne da ko mai sauraro zai buƙaci a sake yi masa bayani. Ka kuma kiyaye kada ta cakuɗe da mitigeshan, wanda shi rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ne, aiki na dabam.

Martanina:

Baba, na gode, kuma na karɓi gyara. Na sake duba "sauya taku" na ga gaskiyarka, don haka zan bar ta a matsayin abin da mai bayani zai iya jefawa a baki domin jan hankali, amma a rubuce "daidaita rayuwa da sauyin yanayi" za ta tsaya. Hajiya, batun ƙugiya bai taɓa faɗo mini ba, kuma shi kaɗai ya isa ya kawar da haɗari daga wannan jimla. Allah ya gafarta Malam, na ɗauki "kandagarkin bala'i", tare da bayaninsa a karon farko cewa shi ne rage barazana da ɓarnar bala'i tun kafin ya auku.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne kalmar tanadi, domin ita ce ta warware mini ainihin abin da ya kawo ni. Na zo neman kalmomi biyu ne, ashe har da ta uku nake buƙata, wadda za ta nuna inda suka haɗu kamar jini da tsoka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da nata na ambaliya tare da jihohin da ke cikin barazana. A Najeriya, ambaliyar 2012 ta halaka mutum 363, ta 2022 ta halaka fiye da 600 ta kuma raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, sannan ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumba 2024. Wanda ya ji hasashen bana ya yashe kwata, ya san inda zai kai iyalinsa idan ruwa ya taso da dare, ya yi kandagarki. Wanda ya lura cewa ruwan ya fi na da yawa kuma zai ci gaba da haka, don haka ya faɗaɗa kwatar ya ɗaga harsashin gininsa, ya daidaita rayuwa. Idan mai kandagarki ya yi lissafi da ruwan shekarun baya kawai, kwatarsa za ta yi kaɗan nan da 'yan shekaru. Idan mai daidaita rayuwa ya manta da daminar bana, ruwa zai ci shi kafin ya kammala gininsa. Dukansu tanadi suke yi, ɗaya na kusa ɗaya na nesa, kuma duk Bahaushen da ya taɓa ganin rumbu zai gane wannan ba tare da wani dogon sharhi ba.

Ga yadda jimlar ta koma a takardar da zan miƙa wa kwamiti: "Wajibi ne a haɗa kandagarkin bala'i da daidaita rayuwa da sauyin yanayi a cikin tanadi guda, domin ruwan da muke shirin tarba a bana shi ne zai riƙa dawowa da ƙarfi a shekaru masu zuwa." Na karanta wa maƙwabcina mai albasa ita da yammacin jiya yana ɗaure bakin buhu, bai nemi ƙarin bayani ba, sai dai ya tambaye ni ranar da za a fito aikin gayyar yashe kwata. Saura kalma ɗaya a shafi na uku da har yanzu ban gamsu da ita ba, wato riziliyans, wadda nake tsakanin "juriya" da "ƙarfin farfaɗowa" a kanta. Ina jiran ra'ayinku kafin Alhamis, domin ranar ce zan kai takardar wurin bugawa.