An ɗora mini jagorancin masu tsaron gandun daji, daga ina zan fara?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a wannan aiki. Ni mutumin Zariya ne, na karanci fannin kula da namun daji, kuma na daɗe ina aikin ofis kafin a sanar da ni cewa zan jagoranci rukunin masu sintiri a wani gandun daji da ke Arewa. Mafi yawan waɗanda zan shugabanta sun girme ni, wasunsu ma sun san dajin tun kafin in shiga jami'a. Me ya kamata in fi mayar da hankali a kai a watannin farko: tsara sintiri, neman makamai da motoci, ko kuwa zama da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun?

Tsohon Ma'aikacin Gandu, daga Samaru, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya taya ka riƙo. Kafin ka buɗe taswira, ka fara duba ƙafafun mutanenka. Wanda takalminsa ya yage, guzurinsa bai isa ba, kuma ya san ko maciji ya sare shi babu magani a sansani, ba zai yi nisa a cikin daji ba. Zai sami inuwa kusa da mashiga ya yini, sannan ya dawo ya rubuta maka rahoton da kake son ji. Saboda haka ka bi sawun alawus ɗinsu da kanka, ka tabbatar ya shiga hannunsu a kan lokaci, kuma ka fita sintirin farko tare da su, ka kwana inda suke kwana, ka ci abin da suke ci. Dattawan da kake jin nauyinsu a can za su auna ka, ba a ofis ba.

Sannan ka sani cewa babu rundunar da za ta iya karaɗe waɗannan dazuzzuka. Gandun Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa ya haura murabba'in kilomita 6,000, Yankari ya haura 2,000, ko Kamuku da ke Birnin Gwari ya zarce 1,000. Dole sintiri ya bi hankali: da rani namun daji suna taruwa a mashaya, can kuma mafarauta suke ɗana tarko, masu gawayi da masu saran madobiya suna buƙatar hanyar mota, don haka hanyoyin ake tsarewa. A Yankari an yi amfani da manhajar SMART, wadda ke ajiye bayanin inda kowane rukuni ya taka da abin da ya gani, kuma tana taimaka wa shugaba ya gane ɓangaren da aka yi watsi da shi. Kada ka manta da wuta. Idan kuka ƙona wasu sassa da wuri, a Nuwamba ko farkon Disamba, ciyawa ba ta gama bushewa ba, wutar ba ta yin ƙarfi, kuma tana tare gobarar tsakiyar rani wadda ke cinye ƙananan itatuwa.

Malama daga unguwar Kongo da ke Zariya ta amsa:

Baba ya yi magana mai kyau, amma a ganina na uku cikin abubuwan da ka lissafa shi ne kan gaba. Na yi bincike a ƙauyukan da ke bakin gandun daji, kuma abin da na fahimta shi ne labarin mafarauci yana isa kunnen dagaci da ardo tun kafin ya isa kunnen ma'aikaci. Ka je ka gaishe da hakimi, ka zauna da sarkin baka da ardodi, ka saurari kokensu kafin ka karanta musu doka. Makiyayin da ke sassabe kawo da maɗaci domin shanunsa sau da yawa gonaki ne suka toshe masa burtali, kuma manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya ba zai ji daɗin wa'azin kare namun daji ba idan babu wanda ya zo ya jajanta masa. A kewayen Yankari, inda ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a Najeriya yake, an ɗauki wasu 'yan ƙauyukan suna sa ido a kan zirga-zirgar giwaye suna sanar da ma'aikata, abin da ya mayar da su abokan aiki. Gargaɗina ɗaya ne: kada ka yi alkawarin rijiya ko asibiti alhali ba a hannunka kuɗin yake ba, domin za a riƙe ka da maganarka shekaru bayan ka manta da ita.

Mai Sintiri na Sabon Gari ya amsa:

Malama, ban ƙi maganarki ba, sai dai dajin yau ba na jiya ba ne. Kamuku ya haɗe da dazuzzukan da suka miƙa har Zamfara, kuma kowa a Jihar Kaduna ya san yadda 'yan bindiga suka mayar da yankin maɓoya. Ma'aikacin gandu ba soja ba ne, makaminsa ma bai kai na waɗannan mutane ba. A gandun Virunga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango an kashe masu tsaro fiye da 200 a bakin aiki. Shugaba nagari shi ne wanda ya san ranar da zai ce yau ba za a shiga ɓangare kaza ba sai da rakiyar sojoji, kuma ba ya tura mutum inda na'urar sadarwa ba ta kaiwa ba tare da an tsayar da lokacin dawowarsa ba.

Abu na biyu shi ne gaskiya a harkar kamu. Duk abin da aka ƙwace, bindiga ce ko nama ko zarto, a rubuta shi a littafi a gaban shaida, tara kuma kada a karɓe ta sai da rasit, wanda laifinsa ya kai kotu a miƙa shi ba tare da duka ba. Ka riƙa sauya wa mutanenka sansani lokaci zuwa lokaci, domin wanda ya daɗe a mashiga ɗaya yakan saba da direbobin gawayi fiye da kima.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, a nan na ga kamar shawarwarin sun ci karo. Idan na riƙa sauya musu wuri, ashe ba zan rasa amanar da suka ƙulla da mutanen ƙauye ba?

Tsohon Ma'aikacin Gandu ya amsa:

Ba duka ake sauyawa ba, ɗana. Masu tsaron mashiga da shingen hanya, inda kuɗi ke gilmawa, su ne za ka riƙa juyawa. Amma a kowane sansani ka bar dattijo ɗaya ko biyu waɗanda suke jin Fulatanci ko yaren mutanen wurin, suka san mashaya da hanyoyin ƙafa, kuma ake gayyatarsu suna da jana'iza. Ranar fita sintiri da inda za a nufa kuwa, kada ka sanar da kowa sai da asubar ranar.