Birni ne ya raba su da mutane, ko su suka janye jiki?

Malamar Adabi: Ga matsayina, wanda bai yarda ba ya fito. Ana ɗora wa birni alhakin kaɗaicin da ya cika gajerun labaran Turawa na farkon ƙarni na 20, ni kuwa girman kai nake gani. Ku ɗauki Duffy a labarin James Joyce, A Painful Case, cikin tarin labaransa Dubliners na 1914. Ma'aikacin banki ne, ya tare a Chapelizod can gefen birnin Dublin don kada ya cuɗanya da kowa, har jumloli yake tsarawa a zuci game da kansa kamar labarin wani yake bayarwa. Ya saba da Misis Sinico, bayan ta ɗora hannunsa a kuncinta sai ya yanke hulɗa. Bayan shekara 4 jirgin ƙasa ya buge ta. Ina laifin Dublin?

Ɗan Jarida: Malama, matar aure ce fa. Ja da bayan da ya yi abin yabo ne.

Malamar Adabi: Ja da bayan ban ce komai a kai ba. Amma da ya ji ta rasu, ya kuma ji ta faɗa shaye-shaye, ƙyama ce ta fara zo masa, wai ta zubar masa da mutunci. Tausayi sai daga baya. Wannan ne ke ƙona min rai.

Ɗan Jarida: To a ina ya ji rasuwar? A jarida, yana cin abinci shi kaɗai. A ƙaramin gari kafin a yi jana'iza maƙwabta sun ƙwanƙwasa masa ƙofa. Georg Simmel, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya yi bayanin haka a 1903, lokacin mutanen Berlin sun doshi miliyan 2: fuskoki da hayaniya kan yi wa ɗan birni yawa, sai ya kare kansa da halin ko-in-kula. Birnin ne ya koya masa.

Malamar Adabi: Dublin ta lokacin mutum dubu 300 ne ko kusa da haka, kuma a littafin kowa ya san kowa, tsegumi ko'ina. Ba Berlin ba ce.

Ɗaliba: Malama, a gafarce ni, akwai wadda ba ta shiga lissafinki ba. Miss Brill ta labarin Katherine Mansfield na 1920. Baturiyar Ingila ce mai koyar da Turanci a wani gari a Faransa. Duk Lahadi takan zauna a lambun shaƙatawa tana kallon jama'a, tana satar jin hirarsu, har ta ɗauka wasan kwaikwayo ake yi kuma da ita a ciki. Sai wani saurayi da budurwarsa suka zauna kusa da ita suka yi mata ba'a tana ji. Ina girman kai a nan? So take a sa ta a cikin mutane, ba wanda ya neme ta.

Malamar Adabi: Ita na ba ki, ƙanwata. Duffy kam ban saki ba.

Tsohon Edita: 'Ya'yana, kun bar marubucin a baya. Joyce ya bar Dublin a 1904, yawancin labaran a Trieste, birnin da ke Italiya a yau, ya rubuta su. Thomas Mann ɗan Jamus kuma a labarinsa Tonio Kröger na 1903 ya tsayar da marubuci a bayan ƙofar gilashi yana kallon masu rawa, yana marmarin zama kamarsu. Sun san aikinsu na bukatar tsayawa gefe, sun kuma san abin da hakan ke ci musu. Ni a ganina kansu suke tuhuma da waɗannan 'yan kallo.

Ɗan Jarida: Baba, in haka ne ai sana'ar ce ta raba su da mutane, ni da Malama duk mun faɗi.

Malamar Adabi: Kai ka faɗi. Joyce ya yi nisa da Dublin amma ya riƙe sunan kowane titi da muryar mutanenta. Duffy yana cikinta, ko mace ɗaya bai saurara ba.

Ɗaliba: Amma Malama, ya saurare ta watanni. Kansa yake ji a cikin hirar, shi ne matsalar.