Ziyarar kabarin Shata daga Kano: Funtuwa ko Daura?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne za mu tashi daga Kano a motar gida domin ziyarar kabarin Alhaji Mamman Shata. Funtuwa za mu nufa? Wane shiri ya kamata mu yi?

Malam Na-Daura: Wa alaikumus salam. Funtuwa gidansa ne, amma kabarinsa na Daura. A asibiti a Kano ya rasu, ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ku bi ta Dambatta da Kazaure, tafiyar kamar awa biyu ce. Ku tashi bayan asuba, ku cika tanki tun daga Kano. In kun isa ku fara zuwa ƙofar fada ku yi gaisuwa, ku nemi wanda zai raka ku, rijiyar Kusugu ma ba ta da nisa da nan. A maƙabarta kuwa a kashe rediyon mota. Sallama da addu'a kawai.

Direban Tasha: Ƙanena, kada ku haɗa Daura da Funtuwa a yini ɗaya. Ɗaya tana arewacin jihar Katsina, ɗaya tana can kudu, dare zai yi muku a hanya, alhali yankin Musawa, mahaifar Shata, ba wurin tafiyar dare ba ne yanzu. Ku ware wa Funtuwa ranarta, ku bi ta Zariya da Giwa. Kafin fita a duba iskar safaya, jak, bel ɗin fanka da ruwan lagireto. Galan ɗaya na ruwa a but. Lagireto in ya tafasa, kada a buɗe murfin da zafi, yana feso ruwa a fuska.

Mai Kaset: In tsofaffin kaset za ku saurara a hanya, ku wana kowanne da biro daga farko har ƙarshe tukuna. Zaren da ya daɗe a ajiye mannewa yake yi, rediyo ta ja shi ta tauna. In kuka ji kalangu yana jan ƙafa, muryar ta yi kauri, bel ɗin rediyon ne ya saki, ba laifin kaset ba. Kuma kada a bar su kan dashbod, rana na lanƙwasa su. Ni dai a ganina gara a kwafe su a memori, na asalin su zauna a gida.

Ɗan Kurna: Madalla, mun gode. Daura ke nan ranar Asabar in Allah ya yarda. Allah ya jiƙan Alhaji.