Neman shawara: da goyo, da aji, da tukunya, jikina ya koma kamar ba nawa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Anti admin don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a nan Gombe. Ina zaune a Tumfure, makarantar kuma tana wajen Pantami. 'Ya'yana uku, ƙaramin watansa biyar. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi, in ɗora ruwan wanka, in yi abin kari, in shirya manyan biyu, in miƙa jaririn wurin surukata. Bakwai ta yi min a bakin titi ina tsaron Keke Napep. Sai bayan La'asar nake shigowa gida, ga girki, ga wanki, ga littattafan yara da zan duba. Wani lokacin a kan sallaya nake farkawa in ga ban ma cire hijabin Isha'i ba.

Tun da hunturun nan ya shigo ƙafata ta yi faso har tana kama zanin gado. Kumatuna da goshina sun yi baƙi tun ina da ciki, har yau bai tafi ba. Gashi kuwa in na taje sai mataji ya cika, gaban goshin ya fara ja da baya. Tun suna sau biyu kacal na yi kitso. Shekaranjiya maigidan ya kalli ƙaurina ya ce, "Malama, ke da allin ajinki wa ya fi wani fari?" Wasa yake, na kuma yi dariya, amma abin ya kwana min a rai.

Akwai maƙwabciyarmu mai sayar da man haɗi a roba, ta ce sati biyu zan ga canji, har na ba da rabin kuɗin. Ba ni da kuɗin gidan gyaran jiki, lokacin ma babu. Me zan riƙa yi a gida wanda ba zai ci min fiye da minti goma ba?

Maman Haidar:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, gobe da sassafe ki je ki karɓo kuɗinki. Ni na sha wannan ruwan. Bikin ƙanwata ne ya ja ni, na sayi irin wannan haɗin, roba fara ba suna ba lamba. Watan farko kowa sai ya ce amarya ce ni. Wata takwas ina shafawa. Daga nan gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi ƙirin, jijiyoyi suka fito kore-kore a hannu, nankarwa ta tsaga min damtse da cinya kamar na haifi 'yan uku. In na shiga rana kumatuna kamar an ɗora su a kan gawayi. Da na daina kuma sai ƙaiƙayi da ƙuraje, na dawo na fi da baƙi. Likitan fata ya ce akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a ciki, fatar ce ta sirance. Sama da shekara kafin na ga fuskata ta dawo, nankarwar kuwa tana nan, da ita za a binne ni. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Sista Rabi:
Sannu Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in raba miki abubuwan nan, don ba dukansu ne rashin gyara ba.

Zubewar gashin ta haihuwa ce. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, bayan an haihu sai ya sauka gaba ɗaya. Yakan fara wajen wata uku zuwa huɗu, yawanci kafin yaro ya shekara ya lafa da kansa. Ba man da zai tsayar da shi, kar ki bari a ci kuɗinki. Abin da za ki iya shi ne kar ki ƙara masa wahala da kitso mai tsauri. In kuma kina jin jiri ko saurin gajiya, ko cikin idonki ya yi fari, ki je a auna jininki, ƙarancin jini ma yana zubar da gashi. Zogale, wake, alayyahu, hanta in ta samu.

Baƙin kumatun shi ma na ciki ne, rana ce ke ciyar da shi. Tsayuwar da kike yi a bakin titi da ta taron safe a filin makaranta sun ishe shi. Ki sayi lema. In da hali ki ƙara da man kariya daga rana mai lamba 30, ki shafa kafin ki fita. Man haɗin nan kuwa kan ƙunshi sinadaran sa fata fari irin su sitiroyid ko haidirokwinon ko makuri (wato zaiba), kuma NAFDAC ta haramta makuri da sitiroyid a man shafawa. Ke mai shayarwa ce. Makuri yana shiga jini, yana shiga nono, yaron kuma kullum fuskarsa na manne da ƙirjinki.

Hajiya Dada:
'Yata, ku yaran yanzu kuna shafa mai a busasshen jiki sannan ku ce man ba shi da kyau. Mai ba ya kawo laima, riƙe ta yake yi. In kin fito wanka kar ki murje jiki da tawul, ki ɗan dangwala kawai, ki shafa man kaɗanya jikin na da danshi. Shi ke nan. A banɗaki za ki ajiye man, ba a kan madubi ba, don in kika fito ɗaki yaro ya yi kuka to an gama. Ruwan wankan kuma ki surka shi ya zama ɗumi, mai ƙuna yana kwashe maiƙon fata. Sabulun salo yana da kyau amma da hunturu yana busarwa, ɗan kaɗan ya isa, fuska sau ɗaya a rana.

In kaɗanyar ta yi tauri saboda sanyi, ki sa robar cikin ruwan zafi ta narke, ki zuba man zaitun ko na kwakwa cokali biyu ki juya, za ta zauna da laushi. Ki samo wadda ba a gauraya ba, ki shinshina, mai warin tsami ta tsufa.

Ummu Affan:
Ni abin da ya gyara min ƙafa alwala ce. Sau biyar muna jiƙa ƙafa mu bar iskar hunturu ta busar da ita, faso ba dole ba? Na samu ƙaramin gwangwani na zuba kaɗanya na ajiye kusa da buta, wani kuma a jaka. Ina idar da sallah sai in lakata in shafa a dunduniya da hannu, kafin wata alwalar ya shige. Ke da kike riƙe alli ma hannunki ya fi kowa buƙata. Da daddare ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kina duba littattafan yaranki, tunda dama a zaune kike, ki goga dutsen kaushi a hankali, ki cika ta da Vaseline ki sa safa ki kwanta. Kwana huɗu biyar za ki ga bambanci. Kar ki sa reza. In fason yana jini ki bar dutsen tukuna.

Zee Bolari:
Ki matse lemon tsami da kurkum ki shafa da safe, yana goge baƙi sosai.

Sista Rabi:
Zee, a'a don Allah. Ruwan lemon tsami in ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar tabo mai duhu da kan yi watanni. Da safe ma, ga wadda za ta tsaya a titi! Kurkum ɗan kaɗan cikin kindirmo da zuma ba laifi, shi ma da dare, kuma a gwada a hannu tukuna.

Adda Hauwa mai kitso:
Malama ni kai nake kamawa shekara da shekaru a Jekadafari, zan gaya miki gaskiya ko da za ta rage min ciniki. Masu cewa a yi musu ƙanana, a ja sosai don ya yi wata biyu, su ne goshinsu ke komawa tsakar kai. In aka gama miki kitso kika kasa ɗaga gira, ko kika ga ƙananan ƙuraje a bakin gashi, ba kyau ya yi ba, ciwo ne. A halin da kike ki yi manya guda shida ko takwas, zane zuwa baya, a bar gashin gaba sakwa-sakwa, ba ƙari ba zare. Rabin awa an gama. Sati biyu ki tsefe.

Wanki kuma ki jiƙa karkashi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace, ki zuba a kai. Da yatsa za ki fara warware gashin yana da santsin, daga baki zuwa tushe, sannan babban mataji. Ganyen magarya ma yana wankewa. Babban laifin da nake gani shi ne ɗaura ɗankwali a jiƙaƙƙen kai a ɗora hijabi a fita. Nan wari da amosani suke samun gida. Mace ta zauna a gabana ta sha humra, in ɗaga ɗankwali in ji kamar an buɗe randar da aka manta. Ki wanke ranar Asabar da hantsi, ki bar shi a buɗe kina aikin gida.

Maman Ilham:
Adda to wankan tsarki fa? Shi ke sa mu fita da jiƙaƙƙen kai da asuba.

Malama Asma'u:
Ba sai kin tsefe ba ai. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta tambayi Annabi (SAW) game da kitsonta a wankan janaba, ya ce ya ishe ta ta zuba ruwa kamfata uku a kanta. Abin nema ruwan ya kai tushen gashi, kuma manyan kitso sassauƙa sun fi ba shi hanya. Bayan nan ki matse da tawul, ki bar kan a buɗe har ki gama abin kari.

Ya Falmata:
Mu a gida Borno dilka da halawa ba sai biki ba, amma dilka ta gaskiya tana son zama, ke kuma zaman ne babu. Ki yi ta gaggawa: garin shinkafa mai laushi cokali biyu, kindirmo, zuma kaɗan. Ki shafa a jiki kafin ki fara wankin Asabar, in ya sha iska ki murje ki yi wanka. Sau ɗaya a sati, fuska kuma a hankali. Ƙamshi kuwa ba a jiki ake fara shi ba, a kaya ne. Ranar Lahadi in kin yi guga ki turara kayan sati gaba ɗaya a kan kabbasa, ki ninke a akwati. Kullum kika ɗauko da ƙamshinsa. Kawai kar ki yi a ɗakin da jaririn yake, hayaƙi ba ya yi wa ƙirjinsa kyau. Hammata kuma alimun, ki jiƙa ki goga, amma ba ranar da kika yi aski ba, za ki yi rawa ba kiɗa.

Hajiya Dada:
A ƙara da kwalli. Ido ba kwalli ai kamar miya ba gishiri. Sunna ce ma.

Sista Rabi:
Hajiya a gafarce ni, ba musu nake da ku ba, amma wanda ya zo a hadisi ismid ne, na kasuwa kuwa, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, da yawansa dutsen dalma ne. A 2011 a Boston ta Amurka an samu jariri da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka ga kwallin da aka kai masa daga Najeriya ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Ita ce dai gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar haƙar zinare ta zo. Malama in za ta sa, ta nemi jagira ko kwalli mai lambar NAFDAC, jaririn kuma a bar masa idonsa haka.

Hajiya Dada:
To. Mu dai da shi aka raine mu. Amma tunda abin ya kai ga jikoki, na ji.

Maman Haidar:
Lalle ma, ja na gargajiya za ki yi. Ki kwaɓa da yamma, ki ƙunsa da dare da leda da safa, da asuba ki wanke, sati biyu zuwa uku ƙafarki da adonta kuma ba ya hana alwala kamar jan farce. Dayis ɗin da ake zana baƙi da shi maganin rina gashi ne, wasu yana tasar musu da bororo. Sai fason ya rufe tukuna.

Inna Asabe:
Duk na karanta, kowa ta faɗi mai ta faɗi sabulu, ba wadda ta taɓo mai maganar alli. Ɗiyata, mutumin da idonsa ya ga farin ƙauri, hannunsa ma zai iya riƙe yaro. Ba faɗa za ki yi ba. Ranar Asabar in ya karya, ki ɗora masa ɗansa a cinya da murmushi ki ce, "Abban yara, riƙe min shi in je in wanke allin nan." Ki ja ƙofar banɗaki. Kuɗin kaɗanya da lemar ma ki sa a lissafin cefane, ba a albashinki ba. Kuma ki kwanta da wuri ko sau biyu a sati, littattafan su kwana a makaranta. Wanda ke tashi huɗu da rabi ba man da zai ɓoye masa gajiya.

Admin:
Na goge saƙo biyu na masu tallan haɗi. Wadda ta sake zan cire ta.

Mai tambaya, ta hannun admin:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je wurin maƙwabciyar, ta ɓata rai ta ce ba ta mayar da kuɗi, sai na karɓi turaren wuta a madadinsu. Daren jiya na yi na Vaseline, safar maigidan na ɗauka don ba ni da ita, da asuba yana ta nema zai tafi masallaci. Inna Asabe, Asabar ɗin nan zan gwada naki. Adda Hauwa, gashin gaban da ya riga ya tafi zai dawo kuwa?

Adda Hauwa mai kitso:
In wurin bai yi sumul yana sheƙi ba, zai dawo, za ki fara ganin ƙanana kamar na jariri. Kar ki kama su cikin kitso, ki bar su su yi tsayuwarsu ko da sun sa ki kama da wadda ta tashi daga barci. In za ki zo wurina ki zo bayan Azahar, kai a wanke a bushe, kuma ki taho da matajinki.