Tsohuwar kwamfutar gem: kati za a fara sauyawa, ko akwai abin da ya riga shi?

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum. Ga maganata, kuma na tsaya a kanta: duk kwamfutar gem da ta tsufa, katin hoto, wato wanda ke zana hoton gem a allo, ake fara sauya mata, sauran kaya su jira. Ku ɗauki irin wadda ake yawan kawowa gyara, Dell OptiPlex 9020 'yar kwatano, babbar, mai i5-4590, ram 8GB na DDR3, faifai mai juyawa da katin GTX 750 Ti. Katin nan na 2014 ne, 2GB gare shi. Mafi ƙarancin abin da gem ɗin ƙwallo EA Sports FC 24 ya nema GTX 1050 Ti ne mai 4GB. To me SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin faifai, zai tsinana a nan?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a jerin da ka karanto an kuma rubuta furosesa i5-6600K, kenan furosesar ma ba ta kai ba. Kada a sayi komai sai an auna. A saka MSI Afterburner, manhajar da ke auna aikin kati da furosesa, a kunna lambobinsa su fito a kan allo, a buga gem na minti 20. In kati yana aiki kashi 97 zuwa 99 cikin 100, furosesa kuma tana da sarari, kati ne ya gaza. In furosesa ta cika 100 kati yana yawo a 60 ko 70, ko ka kawo RTX 3060 zama zai yi yana jiran aiki. In ram ya haura 7GB cikin 8 ɗin, daga nan ƙyaftawar hoto take zuwa.

Mai gyara na Jega: Ku biyun kun tsallake abin da ya fi cin kuɗin mutane, wato fawa, akwatin da ke ba kwamfuta wuta. Ta cikin babbar 9020 wat 290 ce, ba ta da wayar wuta mai fin 6 da ake sokawa a kati, kuma abin da take sokawa a madabod, babban allon da kayan ke haɗuwa a kai, fin 8 ne na Dell, ba fin 24 da aka saba ba. Sai mutum ya ji RX 580 mai 8GB ya yi araha ya ɗauko, alhali shi kaɗai wat 185 yake sha. Daga nan sai a ce masa ya sayi 'yar wayar da ke juya SATA, wato bakin wutar faifai, ta koma fin 6. Don Allah kada a yi. Bakin SATA bai wuce ɗaukar wat 54 ba, fin 6 kuwa har 75 ake ja ta cikinsa, sannan a wanga injin wutar SATA daga jikin madabod take fitowa. Robar bakin wayar za ta fara yin ruwan ƙasa, ta yi ƙauri, ta narke, wani lokaci ta tafi da madabod ɗin.

In ba za a taɓa fawa ba, sai katin da ramin madabod ke iya ciyarwa: GTX 1650 mai wat 75, ko RTX 3050 mai 6GB da ke shan 70. A juya katin a duba gefensa, don akwai GTX 1650 masu bakin fin 6. Mai siririyar 9020 kuma dole ya nemi gajeren kati.

Ɗan Argungu: Oga, na karɓi gyara a kan fawa. Amma ai kati ɗin dai ka ƙare da lissafawa. SSD ba ya ƙara firam, wato yawan hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa, ko ɗaya.

'Yar Zuru: Gaskiya ne Yaya, ba ya ƙara firam, sai dai ba firam kaɗai ake kuka da shi ba. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce 150MB a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 500. In ram 8GB ya cika, Windows kan faifai take jibge ragowar, shi ya sa za ka ga mota na gudu a GTA V hoto ya daskare na ɗan lokaci, ko gine-gine su makara ba su fito ba. Ram kuma a duba ko sanda ɗaya ce. A sa biyu iri ɗaya, 8GB da 8GB DDR3-1600, a ramuka masu maƙalli launi ɗaya don su yi aiki layi biyu. A kiyayi ram ɗin manyan kwamfutocin saba (server) mai alamar 10600R ko 12800R, yana da araha amma injin ba zai tashi da shi ba.

Kafin duk wannan ma akwai zafi. Maris da Afrilu a Birnin Kebbi ana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kamar an liƙa auduga. Furosesa in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu. A hure ƙurar da bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, a goge tsohon man sanyaya da ya bushe a kan furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sai bayan nan awon Injiniya zai faɗi gaskiya.

Ɗan Yauri: Ni ina ganin zuba ruwa ake a rariya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga ƙarni na 8 na Intel ta fara karɓa, wannan na 4 ne. DDR3 da ka saya yau ba zai bi ka sabon madabod ba. A tara kuɗi a sayi madabod B450 da furosesa Ryzen 5 5600 da ram DDR4 16GB, a tabbatar an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, kafin a ɗora furosesar.

Injiniya: Ka manta 5600 ba ta fitar da hoto sai da kati, kuma akwatin Dell da fawarsa ba za su karɓi B450 cikin sauƙi ba, wayoyin gaba ma daban suke. Sabuwar kwamfuta kake haɗawa kenan, ba gyara ba. Wanda awo ya nuna masa furosesa ce, i7-4790 tana zama a ramin LGA1150 ɗin nan, wat 84 kamar ta da, zaren aiki 8 take ja lokaci guda maimakon 4.

Ɗan Yauri: Ranka ya daɗe, in kuɗinta ya kusa rabin na madabod da Ryzen ban yarda a saya ba. SSD da kati da fawa mai kyau su ne za su yi ƙaura da mutum.

Mai gyara na Jega: Wanda ya nace sai babban kati, fawa mai wat 500 ko 550 ta kamfanin da aka sani, da wayar da ke juya fin 24 zuwa 8 wadda aka yi don 9020. A auna tsawon katin, kejin faifai yana tokare dogaye. Kada a biya sai an buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati: RX 580 na ainihi 2304 zai nuna a wurin Shaders, mai 2048 ƙarfin RX 570 gare shi. A bar shi minti 15 a FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, ana kallon zafi da ɗige-ɗige a allo. Katin RX 6400 kuma layin sadarwa 4 kawai gare shi, a ramin PCIe 3.0 na wannan injin yana rasa ƙarfi.

Ɗan Argungu: Na yarda a share ƙura, a auna, a duba fawa. Amma da 750 Ti a ciki, a 1080p, ina nan a kan cewa kati awon zai nuna. Duk mai irin injin ya turo hoton lambobinsa bayan minti 20, da zafin furosesa a ciki.