An haifa mana jariri ba dubura: ku da kuka bi wannan hanya, ya kuka yi?

Sabon uba, Gusau: Assalamu alaikum. Kwana 9 ke nan da haihuwar ɗanmu. Sai a rana ta biyu da cikinsa ya kumbura, ya fara amai kore, kakarsa ta duba wajen wanka ta ga babu ƙofar bayan gida sam. An yi masa aiki, an fito da hanji ta gefen ciki. Likita ya ce saura aiki biyu. Uwar ko kallon wurin ba ta iya yi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana abin da ke gaba.

Uwar 'yan biyu, Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Malam. Tawa mace ce, kuma mu mun fi ku makara: kashin yana fitowa ta gaba kaɗan-kaɗan, shi ya sa har wata huɗu ba mu gane ba. A asibitin koyarwa na Shika aka yi mata duka ayyukan ukun. Ka gaya wa maiɗakinka hanjin nan ja da take gani ba ya masa zafi, ko ya ɗan yi jini wajen gogewa. Fatar gefensa ce abin tsoro. Jakar tara kashi da ake mannawa a wurin ta fi ƙarfinmu, sai na yayyanka tsohon zanin atamfa mai laushi, in wanke in shanya a rana in goge da dutsen guga. Duk canji ruwan ɗumi kawai, in bari ya bushe, in lafta man zinc mai kauri, irin wanda ake shafa wa jarirai don kurjin gindi. Ranar da na yi sakaci dare ɗaya, fatar ta saluɓe kamar ƙunar ruwan zafi. Na yi kuka ranar fiye da ranar aikin.

Direba, Maraɗi: Ka tanadi masu ba da jini tun yanzu, 'yan'uwa biyu ko uku. Mu sau biyu ana ɗaga mana ranar tiyata, ɗaya yajin aiki, ɗaya yaron na mura, mai ba da maganin barci ya ƙi. Na ji haushi a lokacin, daga baya na gane gaskiyarsa.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara: Abin ba baƙo ba ne, kusan jariri 1 cikin 5,000 ake haifa haka, kuma ba wani abu uwar ta ci ko ta taka ba. Ku tabbata an yi hoton ƙoda da zuciya da ƙashin baya, don sukan zo tare. Inda na fi ganin iyaye suna faɗuwa shi ne bayan aiki na biyu, wato na buɗe duburar. Kamar sati biyu da yin sa za a ba ku ƙarfen faɗaɗa sabuwar duburar, a riƙa sa shi safe da yamma, ana ƙara girma sannu a hankali. Yaro zai yi kuka, tausayi ya sa a daina, ƙofar ta tsuke, a koma tiyata. Idan hanjin da aka fito da shi ta gefen ciki ya zazzago waje sosai ko ya yi duhu, a taho asibiti a daren.

Uwar 'yan biyu, Zariya: Gaskiya ne, Sista. Ni na kasa, babanta ne yake yi ina riƙe ƙafafu. Bayan aiki na uku kuma, da aka mayar da hanjin aka rufe cikin, gindinta ya sha kurji, don fatar ba ta saba da kashi ba. Yanzu tana aji biyu, sai dai har yau muna fama da taurin bayan gida, gwanda da ruwa ba sa yanke mata.

Sabon uba, Gusau: Na gode, Allah ya saka. Na karanta mata duka, yau da kanta ta canza masa ƙyallen. Hajiya, man zinc ɗin a kemis ake samu?