Neman taimako: yaya ake gane son kai a binciken da kamfani ya biya kuɗinsa?

Assalamu alaikum malamai. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙauyen manoman auduga kusa da Garwa a ƙasar Kamaru, kuma an nemi in yi wa iyaye mata bayani kan maganin ƙwari na chlorpyrifos, wanda nakan ga galan-galansa a ɗakunan da yara ke kwana, wasu ma har da gora guda ake ɗibar ruwan feshi da na sha.

Takardu biyu ne suka tsayar da ni. Binciken Jami'ar Columbia ta Amurka na 2011 ya nuna cewa yaran da maganin ya shiga jikinsu tun suna ciki sun samu raguwar kaifin basira a shekara bakwai. Ɗayar kuwa, da wani dillalin magani ya ba ni da Faransanci, ta ce gwajin da aka yi wa ɓeraye bai nuna illa ga ƙwaƙwalwa ba, sai a ƙasan shafin ƙarshe na ga kamfani ne ya ɗauki nauyinta.

Na san Tarayyar Turai ta hana maganin a 2020, kuma zuciyata ta karkata can, amma ba na son in yi watsi da takarda don kawai mai sayarwa ne ya biya. Me zan duba a cikinta? Yawan dabbobin, ko tsawon lokacin gwajin, ko sakamakon da aka auna amma ba a bayyana ba? In ɗanyun alƙaluman, wato ainihin lambobin da aka tattara a gwajin, ba sa hannuna, ta ina zan fara?